Kafin Akwati, a Duba Sunaye

A Kakuri na tashi, kuma tun ina ƙarami na saba ganin fastocin 'yan takara a bangon shaguna, daga Makera har Barnawa. Unguwannin namu na kudancin kogin Kaduna suna cikin mazaɓar Sanatan Kaduna ta Tsakiya, don haka rigimar da ta taso a kan kujerar a 2022 ta shafe mu kai tsaye.

A shekarar ce jam'iyyar PDP ta yi zaɓen fid da gwani, aka ce Lawal Adamu Usman ne ya yi nasara. Abokin takararsa, Ibrahim Usman, ya ce bai yarda ba, an yi aringizon ƙuri'u. Aringizo shi ne ƙuri'un da aka ƙirga su fi yawan mutanen da aka tantance. Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna ta soke zaɓen, ta ce a sake. Shari'a ta ci gaba, daga ƙarshe Lawal Adamu ne ya tsaya wa jam'iyyar, ya kuma ci kujerar a 2023. Amma an kwashe watanni ana zaryar kotu.

Na Zamfara ya fi wannan ciwo. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a jihar ba. Duk ƙuri'un da ta samu suka tashi a banza, Bello Matawalle na PDP, wanda ya zo na biyu, ya zama gwamna. Talakawa sun sha rana a layi, kuskuren cikin gidan jam'iyya ya cinye wahalarsu.

Ƙannena, kada ku ce wannan maganar manya ce. Lokacin da nake aji biyar na sakandare, ƙungiyarmu ta muhawara ta yi zaɓen shugaba. Mu da muke zuwa taro kowane mako ba mu kai talatin ba, amma ranar zaɓe sai ga aji ya cika da fuskokin da ba mu taɓa gani ba. Wanda ya faɗi ya kai ƙara wurin malamar da ke kula da mu. Tambaya ɗaya ta yi: "Ina rajistar 'yan ƙungiya?" Babu. Ta soke zaɓen, ta sa aka rubuta sunaye, aka kafe su a allon sanarwa tsawon mako guda domin mai ƙorafi ya yi magana. Da aka sake zaɓen, wanda ya ci da farko shi ya sake ci, amma a wannan karon babu wanda ya ɗaga murya.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, alƙali yana iya soke zaɓe, amma ba ya iya mayar da zumuncin da ya lalace ko lokacin da aka ɓata. Tun ran gini ran zane. Idan za ku zaɓi shugaban aji ko na ƙungiya, ku fara amincewa a kan wanda ya cancanci jefa ƙuri'a. Ku kafe sunayen kowa ya gani, ku ƙirga waɗanda suka halarta kafin ku ƙirga ƙuri'u.

Da yawanku za ku cika shekara 18 nan ba da daɗewa ba. Hukumar zaɓe ta INEC takan kafe rajistar masu zaɓe kafin babban zaɓe domin jama'a su duba, su kai ƙorafi. Idan lokacin ya zo, ku je da ƙafarku, ku nemi sunanku, ku tabbatar an rubuta shi daidai.