Ɗigon Jinin Da Inna Ta Gani

'Yar uwa, tambayar da Inna ta yi mini ran nan ba ta yi kama da ta ciwo ba. Cewa ta yi, "Malama, in jini yana ɗiga wa namiji bayan fitsari, yaya alwalarsa?" Na fara jero mata hukunci kamar ina gaban ɗalibai, sai na lura ta sunkuyar da kai. Ashe a wandon Baba ta gani wajen wanki, wata biyu ke nan tana ɓoyewa.

A 2019 aka gano Baba yana da sankarar furostet, wato 'yar ƙabar nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ke ratsa tsakiyarta. Ana yi masa allura duk bayan wata 3, ya murmure, mu kuma muka saki jiki. Da jinin ya bayyana a 2022, kowa ya ce tsargiya ce, aka jiƙa saiwoyi. Tsargiya a jikin dattijon da rabonsa da rafi tun yana saurayi!

Abin da ya ƙara ruɗa mu, gwajin jini na PSA bai hau sosai ba. Likitan mafitsara ya ce hakan ba ya wanke mutum. Wannan sankara ta fi bin ƙashin baya da na ƙugu; ba kasafai take tsirowa a cikin hanyar fitsari ba, shi ya sa ake saurin ɗaukarta ciwon sanyi ko ƙuncewar hanya. Sai da aka zura wani siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsarin aka ga ɗan tsiro. Nan ma ba a yanke hukunci ba, domin ido ba ya bambance tsiron da ya samo asali a wurin da wanda ya yi ƙaura daga furostet, kuma maganinsu daban ne. Aka gutsuri kaɗan aka kai ɗakin gwaji, aka rina shi da sinadaran da ke nuna asalin tsoka. Sakamako ya ce daga furostet ya zo, aka sauya magani.

Har yau Baba bai taɓa ambata mini zancen ba, ni ma kunya ba ta bari na yi masa. Katin asibitinsa dai yana jakata, ni ke tuna wa Yaya ranar komawa.