Akwatin Faifan Baba na Kagara

A hutun ƙarshen shekara wani ɗalibinmu na aji biyar ya roƙe mu mu je garinsu, Kagara, can ƙasar Goronyo, mu duba wa kakansa akwatin faifai. Mu uku muka kama hanyar Wurno, malamin Hausa da malamin kimiyya da shi yaron. Hazo ya rufe ko'ina, masu albasa suna ta ban ruwa a fadama.

Ɗalibanmu na yanzu a waya suka san waƙa, don haka bari mu ɗan yi bayani. Faifai baƙi ne, an zana masa siririn tsagi mai zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Allura ce take bin tsagin tana rawa, rawar nan ita take zama murya. Babban wan wannan akwati shi ne wanda ake jefa wa kuɗi a gidajen abinci na Amurka. Wanda kamfanin Seeburg ya fitar a 1948 yana ɗaukar faifai 50, wato waƙa 100. Na Baba ƙarami ne, ana jera masa faifai a sama yana sako su ɗaya bayan ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da ya yi wa kuku ce ta bar masa shi da za ta koma gida, har da taransifomar da ke rage ƙarfin wuta.

Muka aro janareto a maƙwabta, muka kunna. Gurnani muka fara ji, tamkar an tsokano gidan zanzaro. Wannan bai ba mu wuya ba, wata siririyar waya ce ta ɓalle daga jikin ƙarfen, muka mayar da ita gurnani ya tafi. Sai muka ɗora faifan Shata. Murya tana fita, amma da ƙarar kamar ana suya. Muka ce ƙura ce, muka goge, muka sake ɗorawa. Sau uku muka yi haka kafin ya zo mana a rai mu dubi allurar da gilashin ƙara girma. Ashe bakinta ya gutsure, kowane zagaye kankare tsagin take yi. Waƙar farko ta yi fari fat. Baba ya karɓi faifan ya juya shi a hannu, bai ce kome ba. Mun fi so a ce faɗa ya yi mana. Sabuwar allura kuwa tana nan manne a cikin murfin akwatin, a 'yar takarda, shekara da shekaru tana jiran mai dubawa.

Kunya ta sa muka ƙara himma. Muka ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, muka share ƙurar hunturu, muka goge 'yar tayar roba da ke juya shi, muka ɗiga mai. A kan sandar motar muka ga wata 'yar waya a nannaɗe, ta yi tsatsa. Muka ce datti ne, muka zare ta muka yar.

Muka gwada da ƙaramin faifan Jim Reeves, wanda iyayenmu suke ƙauna har gobe. Muryarsa dama mai kauri ce, waƙarsa kuma a hankali take tafiya, saboda haka ba mu ji wani aibi ba. Har mun fara gaisa hannu. Sai Baba ya miƙo faifan Ɗan Maraya Jos. Kuntigi ya tashi a kasalance, murya tana jan ƙafa. Baba ya ɗaga hannu.

"Malam, wagga ba muryar Ɗan Maraya ba ta. Mi kunka yi mai?"

"Baba, ƙila janareton ne," in ji mu.

Ba janareto ba ne. Malamin kimiyya ya ɗauki alli ya yi ɗigo a bakin faranti, ya ce wa yaron ya ƙirga zagaye, shi kuma yana duban agogo. Babban faifai zagaye 33 da sulusi yake bukata a minti ɗaya. Yaron ya ƙirga 28. Aka sake, 28. Malamin ya yi shiru, sannan ya dafe kai. Wutar Amurka sau 60 take kai da komowa a daƙiƙa, tamu ta Nijeriya sau 50, irin wannan mota kuwa da wannan bugun take auna gudunta. Taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta taɓa bugun. Kashi biyar cikin shida na 33 da sulusi, ai 28 ɗin ke nan. 'Yar wayar da muka yar wani gwani ne ya naɗa ta tun da can, don ta ƙara wa sandar kauri farantin ya cika gudunsa. Garin gyaran gira mun tsone ido.

Muka bazama neman ta a tsakar gida. An riga an yi shara, kaji sun tone jujin. Har la'asar ba mu gan ta ba. Yaron ne ya fitar da mu, ya ruga wurin mai facin keke ya karɓo robar bawul. Muka yanko kaɗan muka zura wa sandar a matakin babban faifai. Aka ƙirga, 35. Muka dinga goga robar da takardar yashi, ana ƙirgawa, har muka tsaya tsakanin 33 da 34. Wannan lissafi a kan allo muke yi wa 'yan aji uku suna hamma, ran nan kuwa jikokin Baba har da waɗanda ba su shiga firamare ba sun kewaye faranti suna ƙirgawa da ƙarfi.

Da kuntigi ya sake tashi, Baba ya rufe ido yana kaɗa yatsa a gwiwa. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Shata tun 1999, kamfanonin da suka buga faifan nan a ƙasarmu sun daɗe da daina bugawa. Ya saurari fuska ɗaya har ƙarshe, sannan ya ce a zuba wa malamai fura.

Matakin ƙananan faifai masu zagaye 45 ba mu samu robar da ta yi daidai da shi ba, don haka Jim Reeves yana nan yana jan ƙafa. Mun yi wa Baba alkawarin komawa a hutun Ista. Faifan Shata kuma muna cigiya. Duk wanda yake da tsohon faifansa a ajiye a gida, cikin iyaye ko 'yan ikilisiya, ya taimaka ya sanar da mu a ofishin malamai.