Lamba 78: Da Wane Mudu Aka Auna Ɗan Tabanni?

Da daren wata Alhamis, bayan sallar isha'i, wani saurayi ɗan Tabanni ya zauna a bakin shagon mai cajin waya yana amsa tambayoyi arba'in da wani shafin intanet ya jero masa. Tambayoyin da Turanci suke, agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi a saman fuskar wayar, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Da ya kammala, shafin ya nuna masa lamba 78, ya rubuta a ƙasanta cewa basirarsa ba ta kai ta yawancin mutane ba. Daga nan aka yi masa tayi biyu: ko ya biya a aiko masa da takardar shaida, ko ya riƙa biyan kuɗin wata-wata na wata manhajar wasanni da aka ce tana wasa ƙwaƙwalwa har lambar ta ɗaga.

Shekararsa ashirin. A aljihunsa akwai kuɗin da ya tara daga ƙwadagon girbin masara, da niyyar yin rajistar jarrabawar JAMB. Da gari ya waye ya je gaida kawunsa, tsohon malamin firamare, ya shaida masa cewa ya fasa.

"Kawu, na'ura ta auna ni jiya. Ashe ba ni da kan karatu. Gara in zuba kuɗin a taki."

Dattijon ya ajiye carbinsa ya dube shi. "Wa ya auna ka, ɗan nan? Da wane mudu?"

Kawun bai karanci ilimin halayyar ɗan Adam ba, amma tambayarsa ita ce farkon abin da masanin wannan fanni zai tambaya. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma ba a ciniki sai an san da wanne za a yi awo.

Gwajin basira na zamani ya samo asali ne a birnin Paris na Faransa a 1905, lokacin da Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara jerin tambayoyi domin gano yaran makaranta masu buƙatar ƙarin taimako. Binet bai yarda cewa basira aba ce da aka yanka wa mutum tun ran gini ba. A ganinsa ana iya haɓaka ta da koyarwa. A 1912 Bajamushe William Stern ya kawo dabarar kwatanta shekarun hankalin yaro da shekarunsa na haihuwa, wadda ta haifi abin da ake kira IQ. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin don Amurkawa, sannan daga 1939 David Wechsler ya shimfiɗa tsarin da ake bi har yau.

A wannan tsari, lambar IQ matsayi ce a cikin sahu. Ana ba dubban mutane gwajin, waɗanda aka zaɓo da kyau don su wakilci al'ummar wata ƙasa ta fuskar shekaru da jinsi da zurfin karatu. Matsakaicin sakamakonsu sai a kira shi 100. Kimanin kashi biyu cikin uku na jama'ar suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Wanda ya samu 78, ma'anarsa ita ce kusan mutum 93 cikin 100 na tsaransa a wancan rukuni sun fi shi maki. Saboda haka lambar ba ta da ma'ana sai an san rukunin. Gwajin gaskiya ƙwararre ne yake gudanar da shi ido da ido, cikin ɗaki mai natsuwa, na tsawon awa guda ko fiye, da harshen da mutum ya iya. Shafin da saurayin ya shiga bai faɗi da su wa ya kwatanta shi ba, bai tambaye shi harshensa ba, bai kuma san cewa sabis ya cinye masa mintoci ba. Irin waɗannan shafuka kasuwanci suke yi. Wasu suna kumbura lambar don mutum ya ji daɗi ya sayi takardar shaida, wasu suna rage ta don ya tsorata ya sayi magani.

Wannan ba ya nufin gwajin basira gaba ɗayansa tatsuniya ce. Tun 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa yaron da ya yi fice a darasi ɗaya yakan yi ƙoƙari a sauran, kuma bincike na fiye da ƙarni guda ya tabbatar da haka. Gwajin da aka tsara da kyau yana iya hasashen yadda ɗalibi zai yi a makaranta, a cikin al'ummar da aka tsara shi dominta. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko shi aka kai wata ƙasa. A 1938 John Raven ya fito da gwajin zane-zane marar kalmomi, inda ake cike gurbin siffar da ta ɓace, irin wanda shafukan intanet suke kwaikwayo a yau. An yi zaton ba ruwansa da al'ada. Amma karanta jadawali daga hagu zuwa dama, da saba wa tambayar da ba ta da alaƙa da rayuwa, da tsere da agogo, duk abubuwa ne da aji yake koyarwa.

A farkon shekarun 1930 masanin Rasha Alexander Luria ya zaga ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su yi boko ba tambayoyin mantiƙi. Yakan ce musu a can arewa mai dusar ƙanƙara duk dabbar beyar fara ce, sannan ya ambaci wani wuri a arewar ya tambayi launin beyar ɗinsa. Da yawa sukan amsa cewa ba su taɓa zuwa can ba, don haka ba za su yi shaidar abin da ba su gani ba. A takardar gwaji wannan faɗuwa ce, alhali a majalisar dattawa mutunci ne. Haka nan a Laberiya, masu bincike da suka yi aiki da ƙabilar Kpelle sun ba mutane kayayyaki su rarraba. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, domin haka ake amfani da su. Da aka tambaye su yadda wawa zai rarraba, sai suka ware kayan aiki gefe, abinci gefe, wato daidai amsar da masu gwajin suke nema.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga ƙasashen da suka ƙirƙiro gwajin. A shekarun 1980 James Flynn, malami a ƙasar New Zealand, ya nuna cewa sakamakon IQ ya riƙa hawa da kimanin maki uku a kowace shekara goma a tsawon ƙarni na 20. Jinin mutane bai sauya cikin wannan ɗan lokaci ba. Abin da ya sauya shi ne yawan shekarun makaranta, da abinci, da lafiyar yara, da irin ayyukan da ake yi. An ga irin wannan hawa a yankin Embu na ƙasar Kenya tsakanin 1984 da 1998. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara binciken da ya shafi mutum fiye da 600,000, suka gano cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ƙara tsakanin maki ɗaya zuwa biyar.

Idan aka ɗora wannan lissafi a kan Tabanni, lamba 78 za ta fara ba da wani labari dabam. Tabanni ɗaya ce daga mazaɓu goma sha ɗaya na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, yankin da ya shafe shekaru a hannun 'yan bindigar daji. A watan Maris na 2021 an sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama da ke cikin ƙaramar hukumar. A ƙarshen Satumbar wannan shekara gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankin na kusan wata biyu. Sai a Nuwambar 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. A tsakanin nan saurayin ya yi gudun hijira sau biyu, ya rasa shekara biyu cur na sakandare, sauran shekarun kuma ya yi su a ajin da malami yake zuwa idan hanya ta yi kyau.

Tsoro ma yana da nasa kason. A 2010 Patrick Sharkey ya binciki yaran birnin Chicago na Amurka, ya ga cewa waɗanda aka yi wa gwajin karatu da sanin kalmomi 'yan kwanaki bayan an yi kisa a unguwarsu sun samu maki ƙasa da takwarorinsu na unguwa ɗaya da aka gwada a wani lokaci. Zuciyar da take sauraren ƙarar babur cikin dare ba ta da sararin tsayawa kan siffofi. Ga kuma abubuwan da suke taɓa ƙwaƙwalwa tun yarinta: ƙarancin sinadarin aidin, wanda ya sa Nijeriya ta wajabta zuba shi a gishiri tun 1993, da ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da gubar dalma. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. A dazukan Birnin Gwari ma ana haƙar zinariya, don haka darasin ya shafe su kai tsaye.

Saura tayi na biyu, wato manhajar wasa ƙwaƙwalwa. Kasuwarta ta bunƙasa bayan 2008, lokacin da Susanne Jaeggi da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa wani wasan riƙe abubuwa a ka yana ƙara kaifin tunani. Wasu masu binciken da suka maimaita gwajin da tsari mai tsauri ba su ga hakan ba. A 2010 Adrian Owen ya jagoranci bincike tare da BBC a kan mutum 11,430 da suka yi makonni shida suna irin waɗannan wasanni. Sun ƙware a wasannin da suka yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba, ko da masu kama da su. A Janairun 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan biyu saboda tallan da ba shi da hujjar kimiyya.

Dalilin ya bayyana tun 1980, a wani bincike na Anders Ericsson da William Chase. Wani ɗalibin jami'a ya yi ta atisayen haddace lambobi har ya tashi daga bakwai zuwa kusan tamanin a ji ɗaya. Da aka ba shi haruffa a madadin lambobi, sai ya koma wajen shida. Dabarar lambobi ya koya, rumbun ƙwaƙwalwarsa bai ƙara faɗi ba. Gwanin dara da ya shekara talatin a gindin bishiya yana kashe abokan wasa ya san dara ƙwarai, amma hakan bai koya masa lissafin aljabara ba. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa da atisaye, sai dai a kan abin da aka yi atisayen take sauyawa.

Wannan ƙa'ida, wadda ta rushe alkawarin manhajar, ita ce kuma mai amfani ga saurayin. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce har da Turanci na dole, jimlar makinta 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Mai son cin ta sai ya yi atisaye a kanta: tsofaffin tambayoyi, karatun Turanci kullum, zama gaban kwamfuta har hannu ya saba da linzami, da isasshen barci.

Kawun bai san sunan Flynn ko Owen ba. Abin da ya yi shi ne, bayan mako guda, da hantsi, ya sa yaron ya sake buɗe shafin a inda sabis yake da ƙarfi, shi kuma ya zauna gefensa yana fassara masa umarnin kowace tambaya da Hausa ba tare da ya faɗa masa amsa ba. Wannan karon lambar ta fito 97.

"Kawu, ke nan na ƙaru?"

"Cikin kwana bakwai? Me ka ci?"

Lamba ta biyu ba ta fi ta farko gaskiya ba, domin wanda ya taɓa ganin tambayoyi yakan fi yin ƙoƙari a karo na biyu. Abin da ta nuna kawai shi ne cewa awon da yake motsawa da maki goma sha tara cikin mako ɗaya bai isa a yanke wa mutum hukuncin rayuwa da shi ba.

Ranar Litinin saurayin ya hau motar farko zuwa cibiyar rajista, kuɗin masararsa a aljihu. Kawun ya aro masa littafin tsofaffin tambayoyi wurin wani tsohon ɗalibinsa, ya kuma yanka masa ƙa'ida: shafi biyar kowace safiya kafin a tafi gona, sannan ya zo ya karanta masa da ƙarfi bayan la'asar.