Kwana Tara a Mota Mai Ɗaki: Zagayen Ƙasar Fazzan da Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya hore mana tafiya a bayanta, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku iyaye maza da mata masu karanta wannan mujalla, muna so mu ba ku labarin wata tafiya da gidanmu ya yi daga Tamanhint a lokacin sanyi na 2023, da dalilin yin ta, da abin da muka samu a cikinta, da fatan wani magidanci zai karanta ya ce shi ma zai gwada.

A gidajen Hausawan Fazzan, in aka ce tafiya, abu biyu ke zuwa a zuciya. Na farko shi ne babbar motar nan da ke tasowa daga Agadas ta bi Dirku da Madama da Tummo har Gatrun, mutane a saman kaya, jarkokin ruwa naɗe da buhu suna reto a gefenta. Na biyu shi ne gudu da tsakar dare, kamar yadda aka yi a 2011, da faɗan Sabha na 2012 da na 2014, da kuma 2017 sa'ad da aka gwabza a kan sansanin jiragen yaƙi da ke maƙwabtaka da gidajenmu. Ƴaƴanmu sun tashi suna ɗaukar cewa ba a ɗaure kaya sai masifa ta zo. Ga kuma wani ciwon da ya fi wannan: a makaranta ana kiran yaro baƙo, in an kai shi Damagaram ko Maraɗi ganin dangi a kira shi ɗan Libiya. Yaron da ya rasa inda zai ce nan ne nasa, kowa ya yafito shi sai ya bi, kuma mun ga inda hakan ya kai ƴaƴan wasu.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 2000 za su tuna da Turawa masu yawon buɗe ido da suka cika Fazzan bayan an ɗage wa Libiya takunkumi a 2003. Italiyawa da Jamusawa da Faransawa kan shigo ta iyakar Tunisiya da wata irin mota mai ɗaki, wadda masu Faransanci ke kira kampin-kar, da gado da murhu da tankin ruwa a cikinta. Muna yara mukan tsaya bakin kwalta muna mamakin mutumin da ya bar gidansa ya zo kallon rairayi. Yaƙin 2011 ne ya katse zuwansu. Daga baya muka karanta cewa wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasashensu. A tsibirin Ayilan, alal misali, tun 2014 hukuma ta keɓe wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 2,500 da ke bin bakin tekun Atalantika, iyalai kan yi hayar mota mai ɗaki su bi ta sannu a hankali. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, da yawa daga masu ziyartar tsibirin jikokin waɗanda suka yi ƙaura ne. Yunwar da aka yi can daga 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan 1, ta kori wasu kusan miliyan 1 zuwa Amurka da wasu ƙasashe, ga shi har yau zuriyarsu na ketare teku domin su nuna wa ƴaƴansu ƙauyen da kakanni suka baro. Sai muka ce, in waɗannan sun biya kuɗin jirgi domin neman sawun kakanninsu, ina dalilinmu na zama, mu da sawun namu yake nan bayan gari?

Ba mu da kuɗin motar Turawa, saboda haka muka yi amfani da abin da ke hannu. Yayanmu yana da ƙaramar bas ƙirar Toyota da yake haya da ita tsakanin Tamanhint da Sabha. Muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa tabarmi da katifu biyu, aka ɗaura labule a tsakiya domin mata su sami sutura. Muka ɗauki jarka 10 ta ruwa masu cin lita 20, da jarkokin mai, tun da gidajen mai na kudu sukan wuni a rufe, da tukunyar gas, da tanti na maza, da barguna masu kauri, da shinkafa da taliya da garin kunu da dabino da ganyen shayi. Mu goma sha ɗaya ne, daga Malam mahaifinmu da Inna har zuwa autar jikoki mai shekara 5.

Kafin a tayar da mota Malam ya tara yara ya yi musu karatun da bai taɓa zama a kansu ba sai ranar. Ya bayyana musu cewa a mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru ne in tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, shi ya sa mai zuwa Sabha, kilomita 30 kacal, ba ya rage salla. Amma mu da niyyarmu ta wuce nan, da zarar mun bar gidaje da gonakin gari sai azahar da la'asar da isha'i su koma raka'a biyu, har sai in mun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Babban jikansa, wanda ya karanta babin nan a allo tun bara, ya ce, “Malam, ashe dai da gaske ake yi?” Malam ya yi dariya ya ce, “Kai da ka ɗauka don a cika littafi aka rubuta? Yau kai ne ladaninmu.”

Zangonmu na farko Jarma ne, kimanin kilomita 150 yamma da Sabha, cikin kwarin da ake kira Wadil Hayat. Nan ne babban birnin mutanen da Rumawa suka kira Garamantawa, waɗanda suka yi mulkin Fazzan tun kafin zuwan Musulunci. Sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa daga gindin duwatsu zuwa gonaki, har yau ana ganin jerin bakunan rijiyoyinsu, suka noma alkama da dabino da inabi a tsakiyar hamada. Da ruwan ƙasa ya ja baya sai birnin ya dusashe. Muka tsaya cikin kangayen laka muka gaya wa yara cewa ruwan da ake turawa Tarabulus tun 1996 daga rijiyoyin Jabal Hasawna, arewa da garinmu, shi ma tsohon ruwa ne da ba ya ƙaruwa. Tun daga ranar babu wanda ya sake barin buta a buɗe.

A ƙauyen Takarkiba muka ajiye bas, domin ba ta iya hawan tudun rairayi, muka yi hayar motar wani Buzu da ya san hanya. Ya rage iskar tayoyi, ya kai mu tafkin Gabar'aun. Ruwa ne shuɗi kwance tsakanin tuddai, dabino da ciyayi kewaye da shi, gishirinsa ya kai mutum ya kwanta a kai bai nutse ba. A gefe ga kufan mutanen da suka zauna nan har shekarun 1980, lokacin da hukuma ta mayar da su bakin kwalta. Inna, wadda ta yi shekara fiye da 30 a Fazzan ba ta taɓa ganin wurin ba, ta daɗe tana tasbihi, sa'an nan ta ce, “Ashe wannan ne Nasara ke tahowa gani tun daga ƙasarsu, mu muna nan kusa muna wanke-wanke.”

Daga Ubari, inda har yanzu bangaye ke ɗauke da tabon yaƙin 2014 zuwa 2016, muka miƙa zuwa Gat, tafiyar fiye da kilomita 350. Dab da isa, sai ga dutsen Idinen da mutanen wurin ke kira dutsen aljannu. A nan ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ɓata a 1850 har ƙishirwa ta kusa kashe shi, kafin ya wuce Agadas ya isa Kano a 1851. Shi ne ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kaiwa Gat da Murzuk har Tarabulus. Ba mu buƙaci littafi ya tabbatar mana da zumuncin ba. A kasuwar Gat wata dattijuwa mai sayar da kayan yaji ta ji yara suna magana, sai ta ce musu, “Sannunku da zuwa, ƴaƴana, daga ina?” da Hausa tsantsa. Da suka tambaye ta yaushe ta zo daga Nijar, ta ce ita da uwarta da kakarta duk a cikin tsohon garin nan aka haife su. Yaran suka dubi juna. Harshen da suke jin kunyar yi a bakin makaranta, ga shi tsohon ɗan gari ne a Libiya.

Da muka juyo, muka bar babbar hanya muka yi kudu ta wani gari da ake kira Tasawa, sunan da ya sa Inna murmushi domin ya tuna mata da Tasawa ta ƙasar Maraɗi, har muka isa Murzuk. Daga nan ne ayarin su Kilafatan ya tashi a 1822 zuwa Barno, shi kuma ya ƙarasa Kano da Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Ta wannan ƙasa alhazan Hausa da Barno da yawa suka bi zuwa Masar da Makka. A gindin tsohuwar ganuwar laka Malam ya gaya wa yara ɗaya gefen labarin, domin bai halatta a ɓoye musu ba: Murzuk babbar kasuwar bayi ce a zamaninta, kuma da yawa daga waɗanda aka koro daga ƙasashenmu ƙasusuwansu sun rage a bakin rijiyoyin hanyar Bilma. Muka yi musu addu'a, muka haɗa da mutanen garin da faɗan 2019 ya raba da gidajensu. Zangon ƙarshe shi ne Taragin, gabas da Murzuk, inda wakilan sarakunan Kanem suka zauna a ƙarni na 13, zamanin da ikon Mai Dunama ya kai Fazzan. Babbar jikar Malam mai shekara 14 ta ce, “To ai mun daɗe a nan.” Malam ya ce, “Mun daɗe, uwata. Wasu sun zo da carbi, wasu da kaya, wasu da sarƙa a ƙafa. Duk naki ne, kada ki yar da ko ɗaya.”

Akwai kuma karatun da motar kanta ta yi mana. A gida maza suna zaure, mata suna ciki, yara suna kan waya, sai a kwana biyu uba bai ji muryar ɗiyarsa ba. A mota mai ɗaki babu inda mutum zai ɓuya. Kowa da aikinsa: wannan ɗaukar ruwa, wannan kafa tanti, wannan duba mai da taya, wannan kiran salla. Mun ga maza suna wanke tukunya da rairayi, mun ga yarinyar da ake cewa ba ta magana ta zama mai riƙe lissafin guzuri. An yi saɓani, kamar yadda harshe da haƙori ke yi, amma wanda zai kwana kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa cikin sanyin hamada ba ya iya riƙe fushi har asuba. Salloli biyar kuwa, kwana tara cur, ba a yi ko ɗaya ba sai cikin jam'i.

Ga mai niyya, muna ba da shawara kaɗan. A zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a kuma yi shirin darare masu tsananin sanyi. A tambayi direbobin haya halin hanya kafin kowane zango, domin zaman lafiyar kudu yakan canza. Kada a yi tafiyar dare, kada a bar kwalta sai da ɗan jagora. A riƙe takardun kowa a hannu saboda shingayen bincike, wanda kuma takardunsa ba su cika ba ya tsaya kusa da gida, ko tsohuwar ganuwar Sabha da gonakin dabino sun isa yini guda. A kwana kusa da masallaci ko gonar wanda aka sani, a nemi izini, a kwashe shara kafin a tashi. Kuɗin da muka kashe bai kai na ƙaramin bikin suna ba, kuma gida biyu suna iya haɗa hannu.

Ƴan'uwanmu da ke Nijar da Najeriya su ma suna da nasu zagayen: hasumiyar masallacin Agadas, fadar Sarkin Damagaram, Gobarau ta Katsina, dutsen Dala, Hubbaren Shehu a Sakkwato. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Haƙƙin ƴaƴanmu ne su yi ko da tafiya ɗaya a ƙuruciyarsu wadda babu mai korarsu, su ga ayoyin Allah a ƙasa, su ga inda kakanninsu suka taka, iyayensu na gefe suna yi musu bayani.

Allah ya zaunar da Libiya da Nijar da Najeriya lafiya, ya kiyaye matafiya a kan rairayi da kan ruwa, ya jiƙan waɗanda hanya ta riƙe, ya shirya mana zuriya.