'Yar Wayar da ke Bayan Motar Yaro

Duk uwar da ta taɓa sayen motar rimot ta san kwanakinta ƙidayayyu ne. A saye ta da Sallah, kafin soyayyen nama ya ƙare a tukunya ta soma gardama. In yaro ya tsaya dab da ita sai ta tafi, in ya ja baya taku biyar sai ta ƙame. A ce batir ne, a sayo sabo, a banza. Daga nan sai a shiga neman wanda ya ɓata, kuma 'yan uwana mata kun san a gidajenmu ba a rasa wanda za a ɗora wa.

A gidan wata ƙawata a nan Wurno, laifin ya faɗa kan ɗiyar mijinta, yarinya 'yar shekara 11 da nake koyarwa a Islamiyya, wadda uwarta ba ta gidan. Motar ta ƙanenta ce, kawunsa na Goronyo ya kawo masa tsaraba daga Sakkwato. Tana shara sai ta ɗaga motar ta siririyar wayar nan da ke bayanta, wayar ta biyo hannunta. Aka ce da gangan ne, baƙin ciki take yi. Magana ta girma har maigidan ya ce zai mayar da ita wurin kakarta a wani ƙauye na Rabah, inda na san karatunta ya ƙare ke nan. Kwana uku ban gan ta a aji ba, na bi sawu. Abin da ya ba ni tausayi, ta ƙulle guntun wayar a bakin hijabinta tana yawo da shi, wai ko za a iya mayarwa.

Na roƙi arziki aka ba ni motar, muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai ko taɓa sukudireba ba ya ce, "Malama, ina guntun da ya tsinke?" Yarinya ta kwance ta miƙa. Ya ce, "Madalla ɗiyata, kin rage mini aiki."

Na gane nufinsa don na ɗan taɓa kimiyya a kwalejin horon malamai. Wayar nan ita ce eriya, kunnen motar ke nan, kuma ba da ka aka yanke tsawonta ba. Kin tuna yadda masu labarai ke cewa a kama su a kan mita 16 ko 19 ko 25? To, mitocin nan tsawon zangon igiyar da ke ɗauko muryar ne. Eriya ta fi ji idan tsawonta ya dace da zangon, galibi kashi ɗaya cikin huɗu nasa. Motocin da aka rubuta wa 27MHz a gindi, zangonsu wajen mita 11 ne, rubu'insa ya kusa mita 3. Ba mai jan waya haka a bayan motar wasa, shi ya sa masu ƙerawa ke gajarta ta, su cike giɓin da wani ɗan naɗin waya a ciki wanda aka daidaita da wannan tsawon. Na zamani masu 2.4GHz kuwa, zangonsu santimita 12 da rabi ne kacal, don haka eriyarsu ba ta wuce santimita 3 da ɗan ɗoriya, ko tsawon ashana ba ta kai ba.

A nan ne da yawa muke ruɗewa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, rediyo ya dawo da martabarsa. Kowa ya koyi ɗaura wa eriya doguwar waya a rataya a darni, tasha ta fito tas. Wannan dabara tana ci ga rediyo domin zangonsa dogo ne. A kai ta kan ƙaramar mota, musamman ta zamani, sai a ƙara mata kurunta. Haka in an datse, ko an naɗe ta don kada ta ja ƙasa.

Gyaran kansa bai kai tafasar shayi ba. Ya cire batura, ya kwance kusoshi, ya nuna mana koren allon ciki, wurin da aka rubuta ANT. Da yake wayar ta tauye a tsakiya, sai ya gwada wata sabuwa mai kaurinta, ya yanke daidai da tsohuwar, ya fere bakinta kaɗan, ya ɗiga dalma. Bai bar ƙarfen ya daɗe a kan allon ba, ya ce zafi na ɗaye zanen tagullar. Sannan ya yi mata ƙulli ɗaya daga ciki yadda in an ja ba dalmar za ta sha wuya ba, ya zura ta cikin bututun tsohon biro ta miƙe tsaye, nesa da injin da batir. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif, in ji shi, na kwana biyu ne.

Ni abin da na je nema na same shi tun kafin a ɗiga dalma. Ɗigon da ya riƙe wayar tun daga kamfani bai kai ƙwayar gero ba, kuma ba abin da ya tokare ta. Ko jinjiri ya ja sai ta fita. Na sa ya maimaita wannan magana a gaban ƙanen maigidan da ya rako mu, don na san zancen namiji mai sana'a ya fi nawa saurin shiga kunnen yayansa. Ban ji daɗin hakan ba, amma ba ranar jayayya ba ce.

Da la'asar aka gwada mota a tsakar gida, yaro na bakin madafa tana gudu har zaure. Ba wanda ya ba yarinyar haƙuri, ba kuma wanda ya sake ta da zancen Rabah. Ranar Asabar ta zo aji, da aka tashi ta tsaya tana tambayata nawa ake sayar da ƙarfen dalma, kuma wai ko akwai wanda ake ɗorawa a garwashi, tunda wuta ba ta zama.