Daren da Raɓa ta Daskare

Duk lokacin da ɗalibaina suka kira lokacin da ke bin hunturun Turai da sunan bazara, nakan yi jim kafin in wuce. Haka aka saba fassarawa, ba ni da ta cewa. Sai dai bazararmu zafi ce zalla, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, kowa na neman inuwa. Tasu kuwa tana iya ba ka rana mai daɗi, kafin wayewar gari ta hallaka maka shuka. A lambun wata tsohuwa na koyi wannan, a wani ƙauye kusa da Dijon ta ƙasar Faransa, cikin Afrilun 2021.

Na je aikin bincike ne na ƴan watanni, na kama hayar ɗaki a gidanta. Da aka fara maganar sake kulle saboda korona, sai ta tattara ta koma wurin ɗiyarta, ta bar mini gida da lambu. Wasiyyarta ɗaya ce: kada in fitar da tukwanen furen jeraniyom daga rumfar gilashi, kada kuma in janye ciyawar da ta lulluɓe gindin hotansiya da ita, sai waliyyan ƙanƙara sun wuce. Haka Faransawa ke kiran ranakun 11, 12 da 13 ga Mayu, waɗanda manomansu suka daɗe suna ɗauka a matsayin iyakar sanyi mai kisa. Jeraniyom ɗin nan tukwane bakwai ne, dukansu daga reshen da marigayi mijinta ya dasa aka yi ta yankowa, shekara bayan shekara.

Ƙarshen Maris na wannan shekara ya zo da ɗumi irin wanda ba su saba gani ba. Itatuwa suka yi toho, mutane suka tuɓe manyan riguna. Ni ɗan Sahel, na dubi shukokin nan a kulle kamar fursunoni, tausayi ya kama ni. Na ce a raina zancen waliyyai camfin tsofaffi ne. Na fitar da tukwanen, na jera su a ƙarshen lambu inda ƙasa ta ɗan gangara, na kwashe ciyawar, har ina jin na yi gwaninta.

A daren 6 ga Afrilu maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa bayan isha'i. Ya nuna mini sama. Babu gajimare ko ƙyalli, taurari sun fito tar, iska ta kwanta. A wurinmu wannan dare ne na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Shi kuwa ya ce in kwaso duk tsofaffin zannuwan gado da ke gidan.

Muna aiki yana yi mini bayani, daga baya na karanta na tarar bai yi kuskure ba. Ƙasa tana shan zafin rana, da dare ta sake shi. In akwai gajimare, yakan mayar mata da wani sashe kamar bargo. In babu, zafin ya wuce sama, iskar da ke dab da ƙasa ta yi sanyi fiye da wadda ma'aunin masu hasashen yanayi ke aunawa a tsayin mutum. Saboda haka ana iya sanar da digiri biyu sama da sifiri, alhali ganye a ƙasa ya daskare. Sanyayyar iska kuma nauyi gare ta, tana gangarawa kamar ruwa ta taru a kwari, wato daidai inda na jera tukwanen. Tohon da ke barci yana jure sanyi, amma sabon ganye cike yake da ruwa, da ruwan ya zama ƙanƙara sai naman ganyen ya lalace. Ɗumin Maris ne ya tashe su daga barci, ni kuma na cire musu mayafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zanen ba ya ɗumama komai. Aikinsa ya tare zafin da ke fita daga ƙasa, don haka dole ya sauka har ƙasa a danne bakinsa da duwatsu. Wanda ya ɗaure shi a wuyan shuka kamar ɗankwali ya yi aikin banza. Muka kakkafa sanduna don kada zane ya kwanta kan toho, muka rufe hotansiya. Tukwane huɗu muka mayar rumfa. Sauran ukun manya ne, dattijon yana fama da baya, ni kuma na gaji, sai na ce masa ya je ya kwanta. Zannuwa sun ƙare, na yayimo leda na rufa musu. Bai ga wannan ba, da ya hana ni, domin leda ba ta riƙe zafi, kuma duk ganyen da ta taɓa sanyi ya same shi kai tsaye.

Da asuba ciyawar lambu ta yi fari fat, tana ƙaras ƙaras ƙarƙashin takalmi. Kalmar jaura ta faɗo mini, na ga ba ta isa ba, domin jaura jinta ake yi a jiki, wannan kuwa ganinta ake yi. Raɓa ce ta daskare. A darerun nan ne masu gonakin inabi na yankin suka kwana suna kunna manyan kyandira tsakanin kunyoyi, duk da haka asarar da aka yi a faɗin ƙasar ta yi muni ƙwarai.

Kafin azahar ganyen tukwane ukun ya yi baƙi ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo. Na ɗauko almakashi, dattijon ya riƙe hannuna: mataccen ganyen yana kare abin da ke ƙarƙashinsa, a bari sai hatsari ya wuce. Ɗaya ya sake toho daga gindi cikin Mayu, biyu sun tafi.

Kwana biyu ina juya wayar kafin in kira ta. Na faɗa mata komai, har da ledar. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko tukunyar da ke da tsaguwa a baki tana cikin waɗanda suka mutu.

Na ce, "Tana ciki, Madam."

Ta ce, "To, ɗana. Kada ka zubar da ƙasar, zan zo in gani."