Garin da Rana Ke Tafiya Hutu

Abokina, sanyi kaɗai na yi wa shiri. Motarmu ta tashi daga Aliero a farkon Disamba, manoma na tsaka da aikin albasa, muka ratsa Jega da Maiyama muka miƙi hanyar Yawuri zuwa Abuja. Hazo ya rufe sama, direba sai murna yake yi wai yau rana ta saurara mana. Ni ma na taya shi, jakata cike da rigunan sanyi na gwanjo.

Daga Abuja muka tashi zuwa Oslo, babban birnin Norwe. Daga can jirgi ya yi kusan awa 2 yana nausawa arewa kafin ya sauke mu a Tromso. Agogo ya ce ƙarfe 2 na rana, gari kuwa kamar an idar da magariba. Ashe daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a nan sam. Wajen hantsi wani haske shuɗi-shuɗi kan bayyana, ya ɗan jima, ya wuce. Na tambayi 'yan'uwa a masallaci yadda suke gane azahar, suka ce a wannan lokaci jadawalin Makka suke bi.

Ba a jima ba jikina ya mutu. Barci ba ya isata, ga kwaɗayin burodi da zaƙi, ko waya aka bugo daga gida sai in ji ƙyuyar ɗauka. Da a Jega ne, da an ce kewar gida ce, wata gwaggo kuma ta aiko da rubutu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fahimtar da ni cewa likitoci sun san ciwon: baƙin cikin hunturu. Wanda ya fara bayyana shi a 1984, Norman Rosenthal, shi ma baƙo ne, daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon ƙwaƙwalwa, ya tsayar da sinadarin barci, melatonin. In gari ya ƙi wayewa, agogon ya rikice, zuciya ta bi shi.

Maganin ya ba ni dariya. Fitila ce mai tsananin haske, ka zauna gabanta rabin awa da safe kana shan shayi. Sai man hantar kifi saboda bitamin D, sai fita yawo da tsakar rana komai ƙanƙara. 'Yan garin da dama ma son lokacin suke yi, suna kunna kyandir suna ziyartar juna. Ranar 21 ga Janairu, da rana ta leƙo ta bayan duwatsu, har biki suke yi, yara na cin burodi mai zaƙi. A garin Rjukan kuwa, shi ma a Norwe, a 2013 suka kafa manyan madubai kan dutse don su tunkuɗo hasken rana cikin dandalinsu.

Mu da yininmu ba ya gaza awa 11 duk shekara, ba mu san muna shan magani kyauta ba. Saboda haka in ɗanka ya gama jami'ar Aliero ya samu karatu a arewacin Turai, kada ka tsaya kan tambayar abinci da kuɗi. In Disamba ta kama, ka tambaye shi ko yau ya fita waje, kuma in ka ji muryarsa ta yi sanyi, ka sa shi ya ga likita.